Ƙusa Ta Uku

Harbeck, Ingila
10 ga Mayu, 1959

Yaya Edna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Clive da abin da kike ɗauke da shi. Yaya jikin Baba? Tarin nan ya lafa, ko har yanzu iskar Ostareliya da likita ya yi ta yabo ba ta fara aiki ba? Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi kowace safiya.

An buɗe kakar kurket, wasanmu na ƙwallo da katakon bugu. Na ajiye aikin masaƙa, na shafa wa katakona mai, na koma filin gunduma. Shekarata ta takwas ke nan a ƙungiyar, kuma har yau kaina ba hula. Kin sha ganin yadda ake yi: kyaftin ya zaro shuɗiyar hular nan mai farin zakara daga aljihu, ya miƙa wa mutum a tsakiyar fili jama'a na tafi, daga ranar ya zama ɗan gida, ba ɗan gwaji ba. Bara mutum biyu waɗanda ni na gyara musu riƙon katako aka ba su tasu. Na tafa musu har hannuna ya yi zafi.

Ranar Litinin Kyaftin Ashcombe ya kira ni ɗakinsa. Ɗan masu hali ne, don nishaɗi yake wasa, ba don albashi ba irinmu, shi ya sa ɗakin sa kayansa daban da namu, ƙofar shigarsa fili ma daban. Ko zauna bai ce mini ba.

"Garbutt, shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara, ranka ya daɗe."

"Ina yaro na kalli mahaifinka yana wasa. Don shi ake ta haƙuri da kai. Bana ko dai ka ci hular, ko mu yi sallama a watan Satumba."

Na ce to. Me zan ce?

Da na dawo gida na tsaya a bayan ƙofar kicin ina kallon ƙusoshin nan uku. Hular Kaka na nan a ta farko, asu ya fara cin bakinta. Ta biyu ba komai tunda Baba ya tafi da tasa wurinku. Ta uku kuwa, wadda ya buga ranar da aka haife ni tun kafin ungozoma ta wanke hannu, tana nan ta yi tsatsa. Ko tawul ban taɓa yarda a rataya mata ba.

Ki gaya wa Baba bana zan cike ta. Maganar Satumba kuwa ki bar ta a cikinki.

Ƙanenki,
Wilf

Geelong, Ostareliya
2 ga Yuni, 1959

Auta,

Wasiƙarka ta zo, mun gode Allah da kake lafiya. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, na san halinka, sai ta kumbura za ka tuna. Ni nauyi ya fara yi mini yawa, likita ya ce ƙarshen Agusta. Nan sanyi ya shigo, ku kuna rani mu muna hura wuta, har yau abin bai zauna mini a kai ba.

Baba kam sai godiya. Tarin da sauƙi, amma idon ya tafi gaba ɗaya, hasken taga kawai yake rarrabewa. Yini yake a kujera, hularsa a cinya, yana shafa zakaran da babban yatsa. Ni ke karanta masa wasiƙunka, kuma gara in faɗa maka, ba duka nake karantawa ba. In na zo wurin da ba daɗi sai in tsallake in ce tawada ce ta ɓaci. Maganar kyaftin ɗinku haka na yi da ita. Don haka daga yau, in kana da abin da ni kaɗai za ka gaya wa, ka sa shi a takarda daban, ka yi gicciye a samanta. In na gani sai in tura ta aljihu.

Bakinsa dai bai mutu ba. Ranar Lahadi muna cin gasasshen rago suka kaure da Clive a kan tsohuwar maganar nan. Baba ya buga cokali a tebur ya ce:

"In ƙwallo ta shafi gefen katakonka, mai tsaron baya ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ka fita ke nan. Alƙali yana can nesa, ba lallai ya ji ba. Kai kuwa ka ji a hannunka. To jiran me kake? Ka sa katako a hammata ka kama hanya."

Clive ya ce, "Haba Baba! To farar rigar da aka sa wa alƙali ta ado ce? Mu nan ko ƙarar ta kai Melbourne, sai ya ɗaga yatsa muke motsawa."

"Ai dole," in ji Baba. "Kakanninku ma fursunoni ne, sai da aka sa musu sarƙa suka motsa daga Ingila zuwa nan."

Clive ya yi dariya har ya ƙware. Baba bai yi ba. Ya ce shekara arba'in tsakaninsa da Kaka a filin gundumarmu, ba alƙalin da ya taɓa wahalar ɗaga wa ɗan gidan Garbutt yatsa a kan irin wannan. Ni na tashi na kwashe kwanuka, na ji labarin ya fi sau ɗari.

Saƙonsa gare ka: ka ɗaga gwiwar hannun hagu, kuma ka daina bin ƙwallon da ba ta neme ka ba. Saƙona ni kuma: ka ci abinci, ba shayi da burodi kullum ba.

Yayarka,
Edna

Harbeck
26 ga Yuli, 1959

Baba da Yaya,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan kowa lafiya. Ku yafe mini shirun nan na wata biyu. Ba abin rubutawa ne, daga maki tara sai huɗu sai sifiri, har masu kallo sun fara yi mini waƙa.

To Baba, gyara zama. Ɗari da talatin da ɗaya!

A filin mutanen bakin teku ne, ranar Alhamis. Rana ta buɗe, ciyawa ta bushe, ƙwallo na zuwa katako kamar an aiko ta. Na shiga mun rasa mutum huɗu a kan maki hamsin, na yi awa huɗu da rabi a tsaye. Na ɗaga gwiwar hannun kamar yadda ka ce. Akwai wadda na tura ta gefen dama tana shan ƙasa har igiyar iyakar fili, irin taka sak, wani tsoho a cikin jama'a ya miƙe ya yi ihu, "Herbert ya dawo!" Mun ci wasan. A jirgin ƙasa Kyaftin ya taso daga taragonsu na manya ya zo har namu, ya ce, "Garbutt, ka ƙara mini ɗaya irin wannan kafin kaka ta ƙare, hularka na aljihuna."

Na sa yankan jarida a ciki, Yaya ta karanta maka.

Ɗanka,
Wilf

✝

Yaya, wannan taki ce.

Na taɓa ta. Ina kan maki goma sha biyu.

Ƙwallon ta fita waje kaɗan, na bi ta, ta shafi gefen katako. Na ji ta har cikin kafaɗata. Ernie Catlow ne a baya, tsohon nan mai karyayyun yatsu da ya yi zamani da Baba, wanda ke ba mu alewar minti in mun je kallo muna yara. Ya cafe, ya daka ihun neman alƙali ya fitar da ni. Alƙali ya girgiza kai, iska na kaɗawa daga teku, bai ji komai ba. Ni kuwa na tsaya. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Satumba na tuna, da masaƙa, da ƙusar nan.

Catlow bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya matso ya ce, "Ɗan Herbert Garbutt ne wannan? To, madalla." Daga nan duk wadda na buga, jama'a na tafi, sai in ji shi a bayana a hankali, "Sha biyu." Na kai hamsin, "Sha biyu." Da na cika ɗari na ɗaga katako, fili ya ɗauka, shi ma ya tafa da safar hannunsa ya ce, "Sha biyu, ɗana."

Ban yi nadamar da ya kamata in yi ba, abin da ke damuna ke nan. Rabin 'yan ƙungiyarmu ba sa fita sai an kore su, kuma suna cin abincinsu da daɗi. Ina son hular nan, Yaya. Ki ƙona takardar nan in kin gama.

W.

Geelong
5 ga Agusta, 1959

Wilfred,

Clive ke rubutawa, ni ke faɗa.

Na ji takardunka duka biyu.

Maki goma sha biyu ka ci. Sauran ɗari da sha tara ba naka ba ne. Ernie Catlow ya san haka, kai ka sani, yanzu ni ma na sani.

Ƙusar nan ni na buga ta da hannuna. Hular da aka samu ta wannan hanya kada ka rataya mini ita a kai. Gara ta zauna yadda take.

Mahaifinka,
Herbert Garbutt

Wilf, Clive ne. Edna na asibiti, haihuwar ta zo da wuri, namiji ne, duk suna lafiya. Wasiƙarka ta zo ba ta nan, tsoho ya matsa in karanta. Ba wanda ya gaya mini zancen gicciye, na ɗauka addu'a ce ka sa. Kafin in gane inda maganar ta dosa na yi nisa, da na tsaya ya ce in ci gaba. Wannan ma na so in ƙi aikawa, ya sa na rantse. Ni a wurina ba ka yi laifin komai ba, ɗari da talatin da ɗaya ka ci. Ka yi haƙuri.

Geelong
19 ga Agusta, 1959

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, ko da yake ban san ko kana lafiyar ba tunda ka yi mana gum. Na dawo gida kwana biyar ke nan. Na sha wuya amma na tashi. Yaron ƙarami ne ƙwarai, sai dai akwai murya. Mun sa masa Herbert.

Sai da na dawo na ji ɓarnar da aka yi. Clive ya sha bakina har ya gudu gareji ya yini. Amma laifina ne, ni ce ban gaya masa ba, ina ganin da sauran wata guda a gabana. Wayyo Wilf, da na san haka ne da asibitin ma na sa an kai mini wasiƙar.

Ka saurare ni da kyau. Abin da Baba ya aiko maka cikin zafi ya faɗe shi, kuma zafin ya sauka. Clive ya ce kwana uku bai ci abin kirki ba. Ran nan ina ba yaro nono a kusa da shi, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Edna, shekarun Wilf nawa yanzu?" Na ce ashirin da tara. Can ya ce, "Ni ina da ashirin da ɗaya aka ba ni tawa." Bai ƙara ba, amma na san Baba, wannan a wurinsa doguwar magana ce.

Tun kafin a sallame ni ya sa Clive ya kawo masa kwali da igiya da fensir, ya kore shi daga ɗakin, ya ɗaure wani ƙunshi da kansa. Naka ne. Ya ƙi faɗin abin da ke ciki, ya kuma ƙi yarda a sa shi a jirgin sama, wai bai amince da abin da ba ya taɓa ƙasa ba. Ta ruwa ya tafi, sai ka ba shi wata biyu. Ban tambaye shi ba, amma cinyarsa ba komai yanzu, hannunsa sai laluben bargo yake yi.

Saura wasa nawa? Ka tsaya ka buga abinka. Kada ka je ka yi wata wautar don ka wanke kanka, na san ka tun kana tsumma. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Yayarka,
Edna

Harbeck
6 ga Satumba, 1959

Yaya,

Barka da sauka lafiya. Allah ya raya Herbert ƙarami, ya ba ki ƙarfin jiki. Ki gaishe da Clive, ki ce masa ban riƙe shi da komai ba. Ni lafiya lau. Ban yi gicciye a wannan ba, ki yi yadda kika ga dama da ita.

Wasiƙarki ta zo tun kwana tara da suka wuce. Na ga hannunki a ambulan, na ɗauka wani saƙon Baba ne, sai na tura ta bayan agogo na ce sai an gama wasan ƙarshe. Jiya na buɗe ta.

Tun da takardar Baba ta zo ban ƙara yin abin kirki ba, sai ashirin, sai talatin. Wasan ƙarshe a filinmu aka yi, kuma da wa? Da mutanen bakin teku, Catlow a bayana. Ranar Juma'a, rana ta uku ta wasan, muna neman maki arba'in mu ci wasa, ni ina kan hamsin da takwas, waɗanda suka rage bayana duk masu jifa ne da ba su san kan katako ba. Hannuna ya dawo, Yaya. Ina ganin ƙwallon tun daga yatsun mai jifa. Lokacin hutun shayi na wuce ta ƙofar ɗakin Kyaftin, rigarsa na rataye a kujera, na hango bakin shuɗiyar hula ya leƙo daga aljihu.

Jifa ta uku bayan shayi, ta fita waje kaɗan. Na kai mata. Na ji "tak". Catlow ya daka ihu. Kafin ya rufe baki na sa katako a hammata na kama hanya. Ban ko dubi alƙali ba. Jama'a suka miƙe suna tafi, wani na cewa, "Jinin Garbutt ke nan!" Ina tafe ina jin wani sanyi a ƙirjina, na ce yanzu Baba zai huce.

Cikin rabin awa aka tattara sauran. Da maki goma sha tara aka cinye mu.

Kyaftin ya same ni ina kwance kariyar ƙwauri. Ya riga ya sa rigar, aljihun a shafe.

"Garbutt, alƙali kai yake girgizawa. Har kiranka ya yi."

"Na ji ƙara, ranka ya daɗe."

"Ka ji ƙara. Ni mai bugu nake nema, limamin coci muna da shi a gari. Ka ga sakatare ranar Litinin."

Kowa ya watse ina zaune. Sai ga Catlow ya shigo da taba a baki, gashinsa a jiƙe. Ya ɗauki katakona ya juya gefensa wajen taga.

"Ina jan?" ya ce. "Sabuwar ƙwallo ce, in ta shafa sai ta bar ja. Nuna mini."

Ba ja, Yaya. Fari tas.

"Katakonka ne ya bugi kariyar ƙafarka. Tsakaninka da ƙwallon nan hannuna zai wuce."

Na ce, "To me ya sa ka yi ihu?"

"Ihu aikina ne, ɗana. Shekara ashirin da shida ina yi. Kai me ya kai ka tafiya?" Ya zauna kusa da ni ya miƙo mini taba. Ya ce, "Wancan karon tsokanarka na yi ta yi. Da na san nan za ta kai, da na ja bakina."

Gaskiyar da ban gaya masa ba ita ce, ban ji ta a hannuna ba. Na san yadda ake jinta, na ji a watan Yuli. Wannan karon ƙara kawai kunnena ya ji, ƙafafuna suka tafi da ni. Wata guda ina jiran ranar da zan fita da kaina, da ta yi kama da ta zo ban tsaya dubawa ba.

Gobe zan je wurin sakatare, jibi in koma masaƙa. Sun ce injina na nan.

Ƙanenki,
Wilf

Geelong
21 ga Satumba, 1959

Wilf,

Na san wayar tangaraho ta same ka. Muna nan, muna ta karɓar gaisuwa. Ranar Juma'a aka binne Baba a maƙabartar cocinmu ta nan, inda ake hango teku. Ciwon ƙirji ne ya taso masa gadan-gadan, kwana huɗu kawai ya yi a kwance. Bai wahala sosai ba, Allah ya ji ƙansa.

Na yi ta juya ko in gaya maka abin da zan gaya maka. Na gaji da tsallake layi, don haka ga shi.

Wasiƙarka ta zo ranar Litinin, kwana biyu kafin ya cika. Ya ji ƙarar akwatin wasiƙu daga gadonsa, ya ce, "Ta Wilf ce." Na zauna a bakin gado na karanta a zuciyata tukuna, na shirya ƙaryata tsaf. Zan ce ka ci hamsin da takwas, ka taɓa, ka fita da kanka, jama'a sun miƙe maka. Duk gaskiya ne in ban da kalma ɗaya. Na buɗe baki ke nan ya kama hannuna.

"Duka za ki karanta. Shekara biyu kina ce mini tawada ta ɓaci. Makaho ne ni, ba kurma ba, ina jin numfashinki in kin zo tsallake."

Na karanta duka. Da na zo inda jama'a suka miƙe, fuskarsa ta saki, har ya ɗan ɗaga kai daga matashi. Na so in tsaya a nan, wallahi na so. Ya matse mini hannu, na ci gaba. Na karanta zancen Kyaftin, na karanta zancen Catlow da katako a taga. Da na gama, yaro ya fara kuka a ɗaya ɗakin.

"Ba ja?" ya ce.

"Babu, Baba."

"Bai taɓa ba."

"Bai taɓa ba."

"Ƙunshin bai isa ba?"

Na ce jirgin ruwa ne, sai Oktoba.

Ya saki hannuna ya juya fuska bango. Na ɗauka barci ya yi, na miƙe zan je wurin yaro, sai na ji ya ce, "Alƙali bai fitar da shi ba. Ni na fitar da shi."

Bai ƙara ambaton wasa ba har ya rasu. Ranar Talata ya tambaye ni sau biyu ko kana cin abinci.

Ban san ko daidai na yi da na karanta masa ba, ban kuma san ko daidai na yi da na gaya maka ba. Clive ya ce ka taho nan, akwai aiki, akwai ƙungiyoyin unguwa da za su yi murna da kai. Ka yi tunani. Kada ka yi mini shirun nan naka, yanzu kai kaɗai ka rage mini a can.

Yayarka,
Edna

Harbeck
18 ga Oktoba, 1959

Yaya,

Ina gaishe ki, yaya ƙarin haƙuri? Yaya Clive da ɗan ƙaramin? Ni ina nan lafiya. Ina cin abinci. Gwiwar ma ta yi shiru tunda ba mai takura mata.

Daidai kika yi, duka biyun. Kada ki ƙara sa wa ranki wannan.

An yi masa addu'a a cocinmu, tsofaffin 'yan wasa sun zo da yawa, Catlow ma ya hawo jirgi tun daga bakin teku. Kyaftin ya aiko da furanni. Kowa ya kama hannuna sai ya ce mahaifinka bai taɓa jiran yatsan alƙali ba, kai ma ka gado shi. Na yi ta cewa na gode.

Ƙunshin ya zo ranar Alhamis. Na dawo daga masaƙa na tarar da shi a bakin ƙofa, ya sha hatimi, igiyar da irin ƙullin da yake yi wa jakar wasansa. Hularsa ce. Zakaran ya kusa gogewa. A cikinta akwai takarda da fensir, da hannunsa ya rubuta, manyan baƙaƙe, layi na hawa kan layi, wani ya fita daga takardar ma. Na yi awa guda kafin in haɗa ta. Ga abin da ya ce:

"Wilf. Na yi zafi. Na fita da kaina ya fi sau talatin, amma kowane karo hulata na kaina, wurina ba ya rawa. Ban taɓa gwadawa ba hula ba. Ban san me zan yi ba da ni ne kai. Ka tsaya ka buga, ka bar alƙali ya yi aikinsa. Ka mayar mini da wannan wurinta ta jira taka. Babanka."

A sama ya sa 12 ga Agusta. Ranar da na sa katako a hammata, takardar nan tana cikin jirgi a tsakiyar teku, mako uku da rubuta ta.

Na yi kuka, Yaya, irin wanda ban yi ba a coci. Ban sa hular a kaina ba, kin san ba a sa wadda ba a ba mutum a fili ba. Na rataye ta a ƙusa ta biyu kusa da ta Kaka, kamar yadda ya ce.

Jiya na ari filaya wurin maƙwabci na cire ta ukun. Ta yi gardama ƙwarai, ya buga ta da nisa, sai da ta taho da siminti. Ramin na nan, in na sami lokaci zan toshe shi.

Zancen tahowa, ki ce wa Clive na gode, ki bar ni in ga bayan sanyin nan tukuna. Abu ɗaya nake roƙonki. Herbert ƙarami in ya tashi yana son katako, ki bar shi ya buga, ni da kaina zan aiko masa da nawa. Amma kada ki yarda kowa ya buga masa ƙusa.

Ƙanenki,
Wilf